Juyin Halitta, Halitta Kai-Tsaye da Ƙirar Mai Hikima: Tarihin Muhawarar da Ainihin Wurin Saɓani

Muhawarar da ake tafkawa tsakanin masu nazariyyar juyin halitta, da masu aƙidar halitta kai-tsaye, da masu ra'ayin ƙirar mai hikima, muhawara ce da tushenta ya haura shekara 160, kuma mafi yawan zafinta ya taso ne daga cakuɗa tambayoyin da hanyar amsa su ba ɗaya ba ce. Tambayar ko masu rai sun sauya siffa a tsawon zamani, da tambayar ta wace hanya suka sauya, ana neman amsarsu da haƙa da awo da gwaji, alhali tambayar ko akwai nufi da Mai nufi a bayan wannan duka ba ta shiga ma'auni, domin fagenta shi ne falsafa da ilimin tauhidi. Abin da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa siffar da muhawarar ta ɗauka a yau, musamman ɓangarenta na uku, kotunan Amurka da yadda wasu Kiristocin ƙasar ke karanta Littafin Farawa ne suka sassaƙa ta, don haka wanda ya ɗauko ta zuwa wata al'umma ya kamata ya san abin da ya ɗauko.

Nazariyyar juyin halitta, kamar yadda Charles Darwin ya shimfiɗa ta a littafinsa na 1859 kan asalin jinsuna, ta ƙunshi da'awa biyu. Ta farko ita ce tarayyar asali, wato dukkan masu rai sun gangaro daga kakanni ɗaya, suna rarrabuwa sannu a hankali. Ta biyu ita ce zaɓin yanayi, wanda shi ne hanyar da sauyin ke bi: 'ya'yan kowane jinsi suna bambanta da juna, ana gadon wasu daga cikin bambance-bambancen, ana kuma haifar fiye da abin da abinci da muhalli za su iya ɗauka, saboda haka waɗanda siffofinsu suka fi dacewa da wurin da suke su ne suka fi rayuwa har su hayayyafa, siffofin nasu kuma su yawaita a zuriya. Manomin da ke ware zangarniyar gero mafi cika ya ajiye ta don iri yana yin irin wannan aiki da gangan, kuma bayan shekaru gonarsa takan canja. Darwin ya ce fari da cuta da maƙiya da ƙarancin abinci suna yin wannan tankaɗe ba tare da hannun manomi ba. Alfred Russel Wallace ya cimma wannan tunani shi kaɗai yana tsibiran da yanzu ke cikin Indunusiya, aka kuma karanta takardunsu tare a Landan a 1858. Yana da kyau a lura cewa nazariyyar ba ta yi bayanin farkon duniya ko farkon rai ba, kuma ba ta ce mutum ya fito daga birin da ake gani a yau ba; abin da ta ce shi ne mutum da manyan birai suna da kaka ɗaya wanda ya shuɗe tun miliyoyin shekaru.

Darwin ya mutu a 1882 bai san yadda gado ke aiki ba, kuma wannan giɓi ne na gaske a hujjarsa. Gregor Mendel, wani limamin Kirista da ya yi gwaji da wake, ya buga ƙa'idojin gado a 1866, amma ba a kula da aikinsa ba sai a 1900, kuma sai a shekarun 1930 da 1940 masana irin su Ronald Fisher da Theodosius Dobzhansky suka haɗa ilimin gado da zaɓin yanayi wuri guda. Da aka gano siffar DNA a 1953, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin kowace ƙwayar halitta, sai aka fahimci inda bambancin ke fitowa: ƙananan sauye-sauye ne da ke aukuwa yayin da ake kwafar waɗannan bayanai daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Hujjojin da masana ilimin halittu ke dogaro da su sun zo daga fannoni da dama waɗanda ba su jingina da juna ba, kuma wannan haɗuwa ita ce ƙarfinsu. A 2004 wata tawaga ƙarƙashin Neil Shubin ta tono burbushin wata halitta da aka sa wa suna Tiktaalik a tsibirin Ellesmere na arewacin Kanada, mai ɓawon kifi da matattarar numfashi irin ta kifi amma da wuya da ƙasusuwan gaɓa masu kama da na dabbobin tudu, kuma abin lura shi ne tawagar ta zaɓi duwatsu masu kimanin shekara miliyan 375 ne da gangan, domin nazariyyar ta nuna cewa a wannan zango ya kamata a sami irin wannan halitta. A Gadufawa da ke hamadar Tenere ta Nijar an tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin ke cike da koguna. A 2001 kuma, a hamadar Jurab ta arewacin Cadi, tawagar Michel Brunet ta sami ƙoƙon kan da aka sani da Tumai, mai kimanin shekara miliyan 7, wanda masana har yau suke jayayya a kan ko mai shi da ƙafa biyu yake tafiya, jayayyar da ke nuna cewa amincewa da gundarin nazariyyar bai hana saɓani mai zafi a kan rassanta ba. Daga ɓangaren ilimin gado, mutum yana da kuromosom 46, wato ƙunshe-ƙunshen da DNA ke naɗe a ciki, alhali manyan birai suna da 48, kuma da aka bincika kuromosom na biyu na mutum sai aka ga alamun haɗewar guda biyu a tsakiyarsa.

Misalin da ya fi kusa da masu sauraro shi ne na cutar sikila. Wanda ya gaji ƙwayar sikila daga iyayensa biyu yana fama da ciwo mai tsanani, kuma kafin zuwan magungunan zamani da yawa ba sa kaiwa girma, don haka hankali zai ɗauka cewa irin wannan ƙwayar gado za ta ƙare da kanta. Amma a ƙasashe irin su Nijeriya da Gana da Kamaru tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na jama'a suna ɗauke da ita. Anthony Allison ya nuna dalili a 1954 bayan binciken da ya yi a gabashin Afirka: wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya kawai, wanda asibiti ke kira AS, yana samun kariya mai yawa daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, saboda haka a inda sauro ya yi yawa irin waɗannan yara sun fi tsira, suna kuma miƙa ƙwayar ga zuriyarsu. Haka nan ƙwayar cutar zazzaɓin ta daina jin kulorokwin har Nijeriya ta sauya maganin farko a 2005. Masu adawa da nazariyyar sukan amince da waɗannan misalai, su ce sauyi ne a cikin jinsi ɗaya wanda ba ya haifar da sabon jinsi, masana ilimin halittu kuma su amsa cewa ba a gano wata katanga da ke tsayar da sauyin ba, kuma duniyar da aka auna shekarunta da kimanin biliyan 4.5 ta ba da isasshen lokaci.

Hujjar da ke kafa samuwar Mahalicci da kyawun tsarin halitta ta girmi Darwin da ƙarnoni masu yawa. Ibn Rushd na Andalus ya kira wani nau'inta dalilin kulawa, wato dacewar rana da ruwa da gaɓoɓi da bukatun ɗan Adam. A Ingila, William Paley ya ba ta siffar da ta shahara a 1802, inda ya ce wanda ya tsinci agogo a fili ya ga yadda sassansa suka dace da juna dole ya yarda akwai maƙerinsa, ido kuwa ya fi agogo tsari. Darwin ya karanta Paley yana ɗalibi a Kambirij, ya kuma yi sha'awarsa, kuma abin da ya zo da shi daga baya amsa ce ga wannan hujja ta musamman, domin ya nuna hanyar da tsari mai sarƙaƙiya zai iya taruwa mataki bayan mataki. Duk da haka, tun a wancan lokaci akwai masu imani da suka karɓi nazariyyar, irin su Asa Gray, masanin tsirrai na Jami'ar Harvard, wanda ya ga juyin halitta a matsayin hanyar da Ubangiji ya zaɓa ya yi aikinsa.

Aƙidar halitta kai-tsaye, a ma'anarta ta wannan muhawara, ta fi imani da cewa akwai Mahalicci ƙunci, domin tana nufin an halicci kowane jinsi daban, a siffarsa, kuma a wajen mafi tsananin mabiyanta an yi haka ne cikin kwana shida na sa'a 24, shekaru dubu shida zuwa dubu goma da suka wuce. Wannan lissafi yana komawa ga irin aikin Bishop James Ussher na Ailan, wanda a 1650 ya ƙirga shekarun zuriyoyin da ke cikin Tsohon Alkawari ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1925 jihar Tennessee ta Amurka ta haramta koyar da cewa mutum ya gangaro daga wata dabba, aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100, kuma ko da yake an soke hukuncin daga baya bisa wani kuskuren ƙa'ida, dokar ta zauna har 1967. Abin mamaki shi ne William Jennings Bryan, wanda ya tsaya wa masu ƙara, ya yarda a gaban kotu cewa kwanakin halitta suna iya zama zamunna masu tsawo. Ra'ayin ƙaramar shekarar duniya bai yi ƙarfi ba sai bayan littafin John Whitcomb da Henry Morris na 1961, wanda ya danganta duwatsu da burbushin halittu ga ruwan Ɗufana.

Daga nan tsarin mulkin Amurka ya shiga maganar, domin gyaransa na farko ya hana hukuma ɗaukaka wani addini, kuma makarantun gwamnati hukuma ce. A 1968 Kotun Ƙoli ta rushe dokar jihar Arkansas da ta hana koyar da juyin halitta. Masu adawa suka sauya salo, suka ce abin da suke da shi kimiyya ce, suka nemi a ba ta lokaci daidai da na juyin halitta a aji, amma a 1987 kotun ta rushe dokar jihar Louisiana da ta tanadi haka, bisa hujjar cewa manufarta ta addini ce. A wannan gaɓa ce ra'ayin ƙirar mai hikima ya bayyana, wanda ke cewa wasu siffofin masu rai ba za su samu ba sai da aikin wani mai hankali, ba tare da an ambaci ko wane ne shi ba. Lauya Phillip Johnson ya ba shi murya a 1991, cibiyar Discovery da ke Seattle ta ba shi gida, Michael Behe kuma, masanin sinadaran halittu, ya ba shi hujjarsa mafi ƙarfi a 1996.

Hujjar Behe ita ce sarƙaƙiyar da ba ta raguwa, wato tsarin da ya ƙunshi sassa da dama waɗanda idan aka cire ɗaya duka ya daina aiki, kamar tarkon ɓera. Misalinsa shi ne wutsiyar da wasu bakteriya ke juyawa don yin iyo, mai sassa na furotin iri-iri da ke aiki kamar inji, kuma ya ce zaɓin yanayi ba zai gina irin wannan mataki bayan mataki ba, tun da rabin inji ba shi da amfanin da za a zaɓa. Amsar masana ilimin halittu ita ce sashe yana iya yin wani aiki dabam kafin ya shiga aikinsa na yanzu. Wasu daga cikin furotin ɗin gindin wannan wutsiya suna da dangi a cikin wata na'ura da bakteriya ke amfani da ita wajen tsira guba a jikin ƙwayoyin halitta, kuma ƙananan ƙasusuwan kunnen dabbobi masu shayarwa, kamar yadda burbushi da nazarin tayi suka nuna, a da ƙasusuwan muƙamuƙi ne. Gaskiya ne cewa ba a gama zana tarihin wutsiyar daki-daki ba, amma da'awar Behe ita ce hakan ba zai yiwu ba, kuma nuna hanya mai yiwuwa ya isa ya raunana irin wannan da'awa. Abin da yawancin masu ambaton Behe ba sa faɗa shi ne cewa shi kansa ya yarda da tsufan duniya da tarayyar asali, har da ta mutum da birai.

An gwada ra'ayin a kotu a 2005, bayan hukumar makarantun garin Dover a jihar Pennsylvania ta wajabta karanta wa ɗalibai sanarwar da ke nuna musu wani littafin ƙirar mai hikima, iyaye 11 kuma suka kai ƙara. Masaniyar falsafa Barbara Forrest ta gabatar da daftarorin littafin na farko, inda aka ga cewa bayan hukuncin 1987 an bi an maye gurbin kalmomin halitta kai-tsaye da kalmomin ƙira, ma'anar jimlolin kuwa ba ta canja ba. Alƙali John Jones, wanda Shugaba George W. Bush ya naɗa, ya yanke hukunci mai shafi 139 a ranar 20 ga Disamba cewa ƙirar mai hikima ba kimiyya ba ce. Babban mai ba da shaida ga iyayen, Kenneth Miller, masanin ilimin halittu ne kuma ɗan Katolika mai riƙo da addininsa.

Hukuncin alƙali ba ya tabbatar da gaskiyar wata mas'ala ta ilimi, kuma raunin ƙirar mai hikima yana nan ko da ba a je kotu ba. A matsayin kimiyya, ra'ayin bai faɗi lokacin da aka yi ƙirar ba, ko ta wace hanya, ko abin da za a gani idan ƙarya ne, don haka ba ya tura mai bincike ya haƙa wani dutse kamar yadda aka je neman Tiktaalik. A matsayin tauhidi kuma yana da tsada, domin ya raba halitta gida biyu, abin da ɗabi'a ta yi da kanta da abin da mai ƙira ya sa hannu, sannan ya ajiye hujjar imani a wuraren da bincike bai kai ba tukuna, waɗanda ke raguwa kowace shekara. Sai dai ɗaya ɓangaren ma yana ƙetare iyaka. Lokacin da masanin ilimin halittu Richard Dawkins, a littafinsa na 1986 da waɗanda suka biyo baya, ya tashi daga bayanin zaɓin yanayi zuwa hukuncin cewa babu nufi a samuwa, ya bar ilimin halittu ya shiga falsafa, kuma ya kamata a auna maganarsa da ma'aunin falsafa. Kimiyya tana taƙaita kanta ga sababan da ake iya aunawa a matsayin ƙa'idar aiki, kuma idan masani ya ce sauyin ƙwayar gado yana aukuwa bisa katari, abin da yake nufi shi ne sauyin ba ya duban bukatar mai ɗauke da shi. Wannan ba magana ce a kan ƙaddara ba.

A duniyar Musulmi muhawarar ta bi wata hanya. A 1882 aka tilasta wa wani malami, Edwin Lewis, barin aiki a kwalejin mishan ta Bairut saboda ya yabi Darwin a jawabin yaye ɗalibai. Jamaluddin al-Afgani ya soki nazariyyar a raddinsa ga 'yan dahriyya na 1881, amma Husaini al-Jisr na Tarabulus ɗin Sham, a Risalatul Hamidiyya ta 1888, ya ce idan hujja yankakkiya ta tabbatar da ita ana iya fassara nassi ta yadda zai dace, ko da yake a ganinsa hujjar ba ta kai haka ba. Ra'ayin ƙaramar shekarar duniya bai sami gindin zama sosai ba, domin Alƙur'ani bai zo da jerin shekarun zuriya irin wanda Ussher ya ƙirga ba, kuma malaman tafsiri da dama sun ɗauki kwanakin halitta a matsayin zamunna. Littattafan Harun Yahya na Turkiyya, waɗanda suka bazu ƙwarai a farkon wannan ƙarni, yawancin hujjojinsu aro ne daga ƙungiyoyin Kiristocin Amurka.

Ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suna da wani ma'auni da ya fi wannan aro dacewa da mas'alar. Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490 kuma ake karanta Ummul Barahina tasa a nan tun ƙarnoni, ya bi malaman Ash'ariyya wajen raba hukunci zuwa na hankali da na shari'a da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu saboda maimaituwa, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, tare da yarda cewa Allah ne ke halittar sababi da abin da ya biyo bayansa, kuma alaƙar tana iya saɓawa. Imam Gazali ya yi dogon bayani a kan haka da misalin wuta da auduga. A wannan mahanga dukkan abin da kimiyya ke bayyanawa yana cikin babin al'ada, kuma bayanin yadda hadari ke haɗuwa bai taɓa hana manomi roƙon ruwa ba. Wanda ya riƙi wannan ba ya bukatar giɓi a ilimin bakteriya domin ya ga aikin Mahalicci, tun da a wajensa wutsiyar da aka gano tarihinta da wadda ba a gano ba duka halitta ce daidai wa daida.

Wurin da saɓani na gaske ya rage shi ne Annabi Adamu. Zahirin nassi, kamar yadda jamhurin malamai suka fahimta, shi ne an halicce shi daga yumɓu ba tare da uwa da uba ba, alhali ilimin gado yana nuna dangantakar jikin mutum da ta sauran halittu, kuma yawancin masanansa suna ganin yawan bambancin da ke cikin 'yan Adam ya fi dacewa da kakanni dubbai. Cocin Katolika, a wasiƙar Fafaroma Pius na 12 ta 1950, ta halatta bincike a kan asalin jiki, ta keɓe rai a matsayin halittar Allah kai-tsaye. A cikin Musulmi, David Solomon Jalajel a 2009, da Shoaib Ahmed Malik a 2021, sun yi nazarin matsayin da ke karɓar juyin halitta ga sauran masu rai amma ya keɓe Adamu a matsayin keta al'ada, irin haihuwar Annabi Isa ba uba, wanda awo ba ya iya tabbatarwa ko korewa, sun kuma lura cewa nassi bai yi magana a kan ko akwai wasu halittu masu kama da mutum kafinsa ba. Wannan matsayi yana shan suka daga malaman da ke ganin ya buɗe ƙofar da ijma'i ya rufe, yana kuma shan suka daga masana kimiyya da ke ganin ya cire mutum ɗaya daga bincike ba tare da dalilin awo ba.